Tarihin Freha Ohayon ta Safi, da Maza Goman da Ta Nema

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayiya Freha a shekarar 1944 a unguwar Yahudawa ta garin Safi da ke bakin teku a ƙasar Maroko. Mahaifinta Mas'ud Siboni baduku ne, mahaifiyarta Zohra kuwa ɗinkin maɓallan jallabiya take yi a gida. Ita ce ta huɗu a cikin 'ya'ya bakwai. Mai wannan rubutu jikanta ne, Nissim ɗan Yamin, kafinta, wanda bai yi nisa a karatu ba, sai dai a hannunta ya tashi, kuma abin da bai gani da idonsa ba daga bakinta ya ji shi.

An saka ta makarantar 'yan mata ta unguwa a shekarar 1950, inda ta koyi Faransanci da lissafi. A shekarar 1961 wata gwaggonta ta ɗauke ta zuwa Kasablanka, ta samar mata gurbi a wani asibitin haƙori, a nan ta shekara uku tana koyon yadda ake kankare dattin da ke maƙalewa a gindin haƙora, da yadda ake kula da dasashi kafin ya kai ga ruɓewa.

Aiki

A shekarar 1964 ta dawo Safi ta kama aiki a wajen wani likitan haƙori Musulmi mai suna Likita Tazi, kuma a kujera ɗaya ta yi aiki har tsawon shekara arba'in, da farko tare da shi, daga baya tare da ɗansa Idris da ya gaje shi. Ba ta cire haƙori, ba ta cike rami. Aikinta wankewa ne da koyarwa, tana kuma zagaya makarantun firamare da buroshi da wani ƙaton haƙorin katako tana nuna wa yara. Mutanen gari suna kiranta Lalla Freha.

An san ta da wata ɗabi'a. Sai ta bari mutum ya wangame baki, ƙarfe yana ciki, sannan ta fara yi masa tambayoyi, ta kuma amsa masa da kanta: "Ya mai ɗakinka? Lafiya lau, na sani. Sukari nawa kake zubawa a shayi? Kada ka yi min ƙarya, ga shi nan ina gani." Masunta da alƙalai duk haka ta yi musu, ba wanda ya sami bakin kare kansa.

Aure da Iyali

A shekarar 1966 aka ɗaura mata aure da Makhluf Ohayon, ma'aikaci a kamfanin kifin gwangwani. Allah ya ba su 'ya'ya uku: Amram a 1967, Sulika a 1970, da Yamin a 1974. A cikin waɗannan shekaru ne mafi yawan jama'armu suka tashi daga Safi, wasu zuwa Isra'ila, wasu Faransa, wasu Kanada, har da iyayenta da 'yan uwanta duka. Ita da mijinta suka zauna. Da yaran suka girma, Amram ya tafi Montreal a Kanada, Sulika ta yi aure a Ashdod a Isra'ila, Yamin kaɗai ya rage, shi ma ya rasu a hatsarin mota a shekarar 1996, ya bar mata jariri ta rena, wato ni.

Rasuwar Mijinta

Makhluf ya rasu a shekarar 1998. A addininmu akwai addu'ar da ɗa yake karanta wa mahaifansa a bakin kabari, ana kiranta Kadish, kuma ba ta halatta sai maza goma baligai na jama'armu sun tsaya tare. Ranar da aka binne shi maza bakwai aka samu. Amram ya tsaya da littafi a hannu har aka gama zuba ƙasa, bai sami ikon buɗe baki ba. Marigayiya ba ta yi kuka a wurin ba, amma ta sha faɗa daga baya cewa wannan shirun ya fi mata mutuwar zafi.

Ritaya da Rashin Lafiya

Ta ajiye aiki a shekarar 2004, ta koma rayuwar gida, tana dafa abincin Asabar, ranar hutun addininmu, na mutum goma alhali mu biyu ne, sauran kuma a rarraba wa maƙwabta. A tsakiyar shekarar 2018 ta fara rama, aka kai ta Kasablanka, likitoci suka tabbatar ciwon daji ne a hanjinta, kuma ya riga ya yi nisa. Amram ya buga waya ya ce lallai ta taho Montreal a yi mata magani. Ta ce gurbinta yana nan kusa da na mijinta.

"Mama, wa ya rage a garin nan? Wa zai tsaya miki? Kifaye?"

"Kai dai ka kula da naka. Ina jin yadda kake magana, ka daina zuwa a duba maka baki."

"Ba wasa nake ba. Na tsaya sau ɗaya kamar gunki a kan kabarin Baba, ba zan sake ba. In kin zauna, kada ki sa ran ganina."

"To, Allah ya yi maka albarka," in ji ta, ta ajiye wayar.

Daga wannan rana ta ɗauki neman maza goma a matsayin aikinta. A Safi mu uku ne kacal: ni da wasu tsofaffi biyu. Sai ta shiga kiran waɗanda ta wanke wa haƙora suna yara, da yanzu suke Kasablanka da Marrakesh da furfurarsu. Na ji lokacin da ta kira Hayim Waknin, mai sayar da yadi.

"Hayim, ba ni kunnenka, tunda bakinka ka hana ni shekara talatin. Jana'izata nake gayyatarka."

"Haba Lalla Freha! Allah ya kiyaye, wace irin magana ce wannan?"

"Ba yau ba ne, sakarai. Ran da Nissim ya kira ka, ka ɗauko hularka, ka ɗauko wannan surukin naka mai ci, ku taho."

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana yi tana hutawa saboda numfashi, har mutum takwas suka ɗauki alkawari. Sulika ta zo ta zauna jinya. Amram yana aiko da magani, amma bai ƙara neman a ba shi ita a waya ba, ita ma ba ta roƙe shi ba.

Rasuwa da Jana'iza

Ta rasu da safiyar Alhamis, 14 ga Maris, 2019, tana da shekara saba'in da biyar. Aka sa jana'iza washegari Juma'a, kuma dole a gama kafin rana ta faɗi, domin da faɗuwarta Asabar ta shiga, ba a binne kowa. Mata uku suka zo daga Kasablanka suka yi mata wanka. A cikin masu alkawari biyar ne suka iso, har da malamin da zai jagoranci addu'a: ɗaya yana asibiti, biyu sun yi tafiya. Muka zama takwas.

Mutanen gari kuwa sun cika maƙabarta har bakin titi. Likita Idris ya matso kusa da malaminmu ya ce, "Malam, ku ƙirga da ni mana. Ai a gabanta na girma."

Malam ya riƙe hannunsa ya ce, "Ɗana, da ana yi, da kai ne na farko."

Aka yi ta jira har la'asar ta wuce, inuwa ta yi tsawo, malam ya ce a sauke ta. Ana cikin zuba ƙasa wata tasi ta tsaya a ƙofa. Amram ya fito da rigar da ya kwana da ita a jirgi, a bayansa ga wani dattijo da babu wanda ya sani a cikinmu, riƙe da jakar tafiya. Daga baya muka ji cewa a filin jirgin Kasablanka Amram ya hango shi da hula irin tamu, ya tare shi ya roƙe shi, mutumin ya fasa abin da ya kawo shi ya biyo shi tafiyar awa uku. Amram bai gaisa da kowa ba, ya tambaye ni, "Ku nawa ne?" Na ce takwas. Ya ce, "To, ga mu biyu." Aka miƙa masa littafi, ya karanta Kadish daga farko har ƙarshe, muka amsa masa da amin.

Marigayiya tana kwance a maƙabartar Yahudawa ta Safi, a hannun daman mijinta. Ta bar 'ya'ya biyu, Amram a Montreal da Sulika a Ashdod, da jikoki bakwai, shida a ƙasashen waje, ɗaya a gidanta. Allah ya sa ta huta.