Waken Inna Dije da Shanun Arɗo

Cikin duk ranakun da na yi ina malamin gona a gundumar Madarumfa, wadda ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da wata tsohuwa ta riƙe mini kan mobileti, ɗan babur ɗina na aiki, a tsakiyar hanya. A farkon shekarun saba'in ne, lokacin babban fari. Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku ba ni kunnuwanku.

A ƙasarmu akwai abin da ake kira sakin gona. Idan manoma sun kwashe amfani, hukuma takan sa ranar da makiyaya za su shigo da dabbobi su ci kara. Kafin ranar, saniyar da ta taka gona sai an biya ɓarna. Bayan ranar kuwa, abin da ka bari a gona kai ka so. Sannan gona iri biyu ce a kowane gida. Akwai gandu na maigida, inda kowa ke aiki, akwai kuma gamana, ɗan filin da ake yanka wa mace. Mace ba ta taɓa gamanarta sai an sallame ta daga gandu, don haka shukarta kullum a makare take, musamman wake.

A shekarar, shanu sun gangaro daga arewa da wuri, duk haƙarƙari a waje, suka yi sansani kusa da tafki. Shugaban makiyayan, Arɗo Jaɓɓi, ya zo biro, wato ofishin gunduma, ya roƙi a saki gonaki kafin dabbobinsu su ƙare. Kumandan, wato shugaban gunduma, ya tara masu gari ya tambaye su ko an gama girbi. Suka ce an gama. Ba ƙarya suka yi ba, domin a wurin namiji girbi shi ne hatsi ya shiga rumbu. Aka sa rana, bayan Juma'a mai zuwa, aka ba ni yankin Sarkin Yamma in je in sanar.

A gari na uku na gama sanarwa a ƙofar mai gari, na tayar da mobileti, sai ga tsohuwar ta cafke kan. Inna Dije sunanta, mai ƙosai, wadda takan kai har kasuwar Ɗan Issa.

"Ɗana, wa ya ce maku an ƙare?"

"Inna, masu gari suka faɗa."

"Su sun ƙare. Sauko ka gani da idonka."

Na bi ta bayan gari. Gamanar mata ce jere, wake kore shar, wani ya fara bushewa, wani ko kusa. Ta nuna mini tata. Ɗanta ya tafi cin rani Katsina, ya bar mata jikoki huɗu, hatsinsu kuma bai yi ba. Ta ce, "Waken ga shi ne tuwonmu har damina. In shanu sunka shigo, ka taho ka kwashi ɗiyan ka kai ma kumandan shi ciyar da su." Na san ba wasa take ba.

Na koma biro na shaida wa kumandan. Mutum ne mai sauraro, amma ya girgiza kai. "Malam, na ba Arɗo magana gaban jama'a, kuma shanu mutuwa suke. Rana ba ta ɗaguwa. In ka samu dabarar da ba ta taɓa ranar ba, je ka yi."

Ni ko ban saba a ba ni ƙofa in tsaya ina leƙe ba. Washegari na ɗauko Arɗo a bayan mobileti, yana riƙe da rawani yana salati, na kai shi gaban mai gari, na sa aka kira Inna Dije da sauran matan. Na ce ranar saki tana nan, amma a shiga gonaki bi da bi. A fara da gandun da aka kwashe, makiyaya su tsare dabbobi, gamanar mata ta zama ta ƙarshe.

Arɗo ya ce, "Tsaron saniya mai yunwa kusa da ɗanyen ganye aiki ne, malam. Mi za mu samu?"

Na ce harawa, wato ganyen wake in an tsinke ƴaƴan. Sai Inna Dije ta harare ni. "Kai ka shuka, da kake kyauta da ita? Harawa saidawa muke." Aka yi mini dariya, ni ma na yi. Ta juya wurin Arɗo. "Mu ba ka harawa, kai kuma shanunka su kwana cikin gamanarmu su zuba muna taki."

Mai gari ya zabura. A al'ada, shanu a gandun manya suke kwana, domin su ke da damin hatsin ba makiyayi. Ba a taɓa jin taki a gamanar mace ba. Ya ce wannan ba tsari ba ne. Arɗo ya dube shi ya ce, "Ranka shi daɗe, bana hatsi ba ka da shi, ganye kuwa tsohuwa ke da shi. Inda munka ci, nan muke kwana."

Ranar saki ina wurin. Da hantsi wani garke ya hango kore ya ɓalle a guje. Na zaci komai ya lalace. Arɗo, da tsufansa, ya ruga ya tsaya bakin gamana da sanda yana kiran shanun da sunayensu, Inna Dije a gefensa da taɓarya, matan gari da matan rugga suka yi layi suna ihu. Shanun suka ja birki, suka juya. Ko kunyar wake guda ba su ci ba.

Aka tsinke wake a hankali yadda ya nuna, matan rugga ma suka sa hannu. Jikokin Inna Dije sun kai damina da abin sawa a baki. Da kaka ta zagayo, geron gamanarta ya fi na gandun mai gari tsayi, kuma ba ta bar kowa ya manta ba, har shi mai garin.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, gundumar nan maza ke magana da sunanta a wurin taro, amma rabin abin da take ci daga ƙananan gonakin da ba a kawowa taro yake fitowa. Tun daga shekarar, ban sake kai rahoton girbi ba sai na zagaya bayan gari na tambayi masu gamana. In sun ce da saura, to da saura, ko da mai gari ya rantse.