Hirar da Aka Yanke wa Ciki

Shomari Mgaya ba ɗan jarida ba ne, kuma 'yan jarida ba sa bari ya manta. Gyaran waya yake yi a unguwar Sinza, in ya tashi ya rubuta labarin fina-finai a shafinsa na intanet. Rigar fita guda gare shi, da ita yake zuwa duk taron da masu fim suka kira a otal. Tare muke bin layi, mu ƙananan, bayan 'yan talabijin, kafin a zo kanmu sambusa ta ƙare.

Dokar taron ita ce ka ajiye wayarka a ƙofa. Kyamarar kamfani ce ke ɗaukar hirarka da ɗan wasa, in ka fito a miƙa maka katin da bidiyon yake ciki. Shomari bai taɓa karya ta ba. Nakan ce masa, "Kai ko wandonka aka ce ka ajiye, ajiyewa za ka yi." Sai ya ce, "Bari kawai, ɗan'uwa, in suka daina kirana ina za ni?"

Saboda Bi Mwanaidi Kiwelu yake shanye wulaƙancin, dattijuwar da ke fitowa a uwa tun yana yaro. Ita kaɗai ce a cikinsu ta riƙe sunansa.

Ran nan ya shiga ya tarar ta rame, hannunta na hagu a naɗe cikin zane. Ya fara tambayar da aka amince masa, ta katse shi.

"Ɗana, bar wannan. Kyamarar nan tana aiki?"

"Tana yi, Mama."

"To ji. Gobarar da za ku gani a fim ɗin nan ta gaske ce, ni ta ci. Masu fim ɗin sun ce in yi shiru, sai fim ya fita za su kai ni asibiti. Kai na zaɓa, don na san ba za ka rage ko kalma ba." Ta kwance zanen. Shomari ya ce mini warin ne ya fara isa gare shi.

A ƙofa Levina, mai kula da taron, ta yi masa murmushi. "Katinka ya ɗan sami matsala, yayana. Za mu aiko maka."

Sun aiko, an yanke cikin hirar kaf. Ya gwada duk dabararsa ta gyara, ashe sabon kati ne, babu abin tonowa. Duk da haka ya rubuta abin da ta faɗa masa. Mutane suka yi masa ca, kowa na cewa ina bidiyon. Kamfanin ya saki hotonta tana dariya, ya daina kiransa. Mu kuwa da muke layi ɗaya, taro na gaba kowa ya je ya ci sambusarsa, har yau abin yana ƙona mini rai.

Ya ɗauki wayarsa ya nufi gidanta don ya sake ɗaukar maganarta da kansa, aka ce 'yan'uwa sun tafi da ita ƙauye wajen Morogoro. Kafin ya gano wane ƙauye ne, an yi mata sutura.

Yanzu ba ya rubutu. Wani lokaci in na leƙa shagonsa sai in tarar ya kunna katin. Gaisuwa ce kawai a ciki, sai ita ta matso tana tambaya ko kyamarar tana aiki, sai muryarsa: "Tana yi, Mama."