Yaya Mukarrama da Shuɗin Allon da Aka Ɗora Mata Laifinsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 14 ga Mayun 2024, Allah ya karɓi ran yayata, Malama Mukarrama Abdulwahabu, a gidanta da ke Makarfi, bayan jinyar kwana huɗu.

Yaya, ni ne ƙaninki Sagiru. An ce in sassauta harshe. Na gwada, na kasa.

Duk unguwa ta san kwamfutoci ukun da kika jera a falonki kika haɗa su da waya. Babbar ke riƙe da tambayoyin gwaji, ƙananan biyu suna ɗauko su daga cikinta. A nan 'yan mata goma sha tara suka koyi amsa jarrabawar shiga jami'a. Wasu daga Dandamisa suke zuwa, ba su taɓa taɓa kwamfuta ba sai a hannunki, kuma ba wadda kika bari ta koma gida ba ta ci tuwo ba.

Saura mako biyar jarrabawa, fankar babbar ta fara ƙara. Ni na matsa miki, na ɗauke ta na kai wa wani abokina mai gyara don ya share ƙura. Tun da ta dawo aka shiga uku. Da zarar ƙananan sun haɗu da ita, sai allonta ya rikiɗe shuɗi, farin rubutu ya fito, ta mutu ta sake tashi. Yarinya tana kan tambaya ta talatin, komai ya tafi.

Na kira mai gyaran a waya. Ya yi dariya ya ce, "Aikin mata ke nan, danne-danne. Bairos ta kwaso. Sai an goge komai."

Ni kuma, da bakin nan nawa, na maimaita miki maganar a gaban ɗalibanki. Kika dube ni kawai.

Ba ki goge komai ba. Duk sanda allon ya yi shuɗi sai ki kwafe rubutun a takarda. Kika zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya, kika canza su. Kika cire manhajojin da aka saka kwanan nan. Kika nemi bairos, babu. A rana ta shida kika kwance bayan babbar, kika zaro ɗan siririn katin da ake kira ram, wanda kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a kansa. Naki kin yi masa alama da jan biro tun ranar da kika saye shi. Wannan ba alama. Tsoho ne, mai lahani, an musanya. Kika sa mai kyau, shuɗin bai sake dawowa ba.

Na miƙe zan tafi shagon mai gyaran, kika riƙe mini riga.

"Zauna, Sagiru. Yana da iyali. Ni dai yaran nan su zana jarrabawarsu."

Sun zana. Goma sha huɗu sun ci.

To wannan mutumin, Yaya, shi ne ya zo zaman makoki ranar uku, ya zauna a tabarmar gaba, yana girgiza kai yana cewa, "Makarfi ba ta da kamarta." Na ba shi hannu muka gaisa. Har da waɗanda suka yi ta yaɗa cewa mace ta lalata na'ura da rawar kai, duk sun zo da yabo. Ina yabon yake lokacin da kike durƙushe kwana shida, 'yan mata suna kuka a bayanki? Ban faɗi sunansa ba saboda kin hana ni. Amma ya san kansa, kuma Allah ya san shi.

Kuma wanda na fi jin haushinsa ni ne. Wata biyu ina shiga gidanki ina cin abincinki, ban taɓa buɗe baki na ce ki yi haƙuri ba. Kullum ina cewa sai gobe.

Allah ya jiƙan ki, Yaya, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarmu Inna Asibi, da maigidanki Malam Ja'afar, da 'ya'yanki Farida da Hamisu, da ɗalibanki. Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Wanda duk ya karanta wannan ya yi mata addu'a. Sannan ya roƙa mini Allah ya yafe mini, domin wadda ya kamata in roƙa ba ta nan.