Hayaƙin da Kaka Ta Tura Cikin Bango

Duk lokacin da na ji ƙanshin jar ƙasa da aka kwaɓa da ƙaiƙayi, sai in tuna shekarar da aka haifi ƙanena. Bakwaini ne, ya zo a tsakiyar sanyi, bayan an gama kai dawa rumbu. In ka ɗauke shi, kamar ka ɗauki ɗan tsako. Ga wutar jego a ɗakin Inna, ga tsohon bargo a ƙofa, amma tari ya ƙi barin yaron, tafin ƙafarsa kullum sanyi ƙalau.

Baba ya bi duk tsagar da ya gani a cikin ɗakin ya yaɓe. Sanyi bai fasa shigowa ba.

Wata safiya kakarmu, mahaifiyar Baba, ta tsaya tana kallon aikin nasa. "Kai dai ka iya yi wa bango kwalliya," in ji ta. "Ɗan nan, iskar a cikin bangon take yawo."

Ta sa aka fitar da Inna da jaririn su sha hantsi. Ta ja ni muka zaga bayan ɗakin ta gabas, inda iska ke bugowa. Can ƙasa, bayan tarin kara, sai ga ramin ɓera. Ta kunna busasshen kashin shanu a bakin ramin, ta miƙa mini faifai in yi ta fifitawa.

Ba a jima ba muka ji Baba yana salati daga ciki. Hayaƙi na tsattsafowa ta bayan gado, daidai inda ake kwantar da yaron, wani kuma ta inda azara ta hau bango.

Kaka ta cusa tsingaro a ramin don kada ɓera ya sake haƙawa, sannan aka bi da ƙasa ciki da waje. Da Baba ya ji daɗin aikin, sai ya nufi 'yar kafar da ke sama kusa da rufi. Ta riƙe masa hannu. "Wannan bar ta. Ɗakin da ake hura wuta, in ka toshe masa hanci, na ciki ba za su tashi ba."

Kafin a yi kwana arba'in yaron ya daina tari, ya fara kumatu.

Yau gidajenmu sun koma bulo da kwano, yara ba su san tsingaro ba. Amma iska ba ta canza hali ba. Bara matar ƙanen nawa ta haihu cikin sanyi, ya ce ɗakin ba ya zaunuwa. Na kunna turaren wuta daga waje, na bi gefen taga da shi. Hayaƙi ya ɓullo ta ƙasan silin.

Ya tsaya baki buɗe. "Yaya, a ina ka koyi wannan?"

Na ce, "A kanka aka koya mini."