Kalmar da Ta Sa Muka Yi Kuka a Katagum

Ko da zan manta komai na ƙuruciyata, ba zan manta ranar da wasiƙar mijina ta iso Katagum ba. Wata bakwai da aurenmu aka ɗauke shi soja, lokacin yaƙin ƙasar Bama, a yaƙin duniya na biyu. Har aka shekara ba mu ji ɗuriyarsa ba.

Da boko aka rubuta masa wasiƙar, don haka surukina ya kira wani akawu ya karanta a zaure, ni kuwa ina laɓe bayan zana. Gaisuwa ce da ban haƙuri, har ya iso inda mijina ya ce suna tsakiyar teku, "distiroya" na biye da su dare da rana.

"Malam, mene ne wannan kuma?" in ji surukina.

Akawun ya ce, "Turanci ne, Baba. Ma'anarsa mai hallakarwa."

Kwana uku ban iya cin tuwo ba. A zatona wani dodon ruwa ne ke farautarsu. Surukina, da tsufansa, ya hau jaki ya nufi Azare wurin wani malamin makarantar boko. Da ya dawo, ko ruwa bai sha ba ya sa aka kira ni.

"'Yata, share hawayenki. Malamin ya ce asalin kalmar rushe abin da aka gina ne, akan kuma faɗa wa duk mai ɓarna. Amma a bakin soja sunan jirgin yaƙi ne mai gudu. An ƙera shi don ya hallaka ƙananan jiragen abokan gaba, shi ya sa sunan ya bi shi. Rakiya yake musu, kamar yadda kare ke bin garke."

Na yi dariya, ina hawaye. Na daka fura na raba wa maƙwabta.

Mijina bai dawo ba. Zazzaɓi ne ya kashe shi a can, bayan ya tsallake tekun lafiya. Wannan wasiƙar ce kaɗai muryarsa da ta rage mini, kuma sai da na tsufa na koyi karatu, na karanta ta da idona.

Na koyi kada in yanke hukunci da rabin bayani. Kuma abin da mutum ke tsoro, sau da yawa ba ta nan ajali yake zuwa ba. Allah ya jiƙansa.