Fentin da ya zubo kan hulunan baƙi

Ni ne wawan labarin nan, har yau haushin kaina nake ji. Jiya ɓawon fenti ya faɗo mini cikin koko, sai na tuna marigayi Kawu, Allah ya haskaka kabarinsa fiye da falona.

Da masu neman auren 'yata za su zo Salaga daga Bawku, na sayo shuɗin fenti a Yendi. Kawu ya shafa bangon falon ya ce, "Kankare tsohuwar farar ƙasar nan tukuna." Na ce na yi aji uku, gwangwanin fentin bai ce haka ba. Na shafa abina a haka.

Ranar zuwansu fenti ya dinga zubowa kan hulunansu. Na fita ina zagin mai shagon da ya sayar mini.

Kawu ya ce, "Malam mai aji uku, ka karanta gwangwani. Wa ka bar wa bangon ya karanta?"