Sandar Fatsar Kawu Abatcha

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 7 ga Oktoba, 2025, ina filin jirgin sama na Alkahira ina jiran jirgin Kano, matarka Inna Falmata ta kira ni ta ce Allah Ya yi maka rasuwa bayan azahar. Kawu Abatcha, sandar fatsar da na yi maka alkawari tana kan cinyata a lokacin.

Mutanen Potiskum sun sha yi maka dariya. Malamin makaranta mai furfura, ya zauna yana ɗaura gashin zabo a ƙugiya don ya yi kama da ƙwaro, wai kifi zai yaudara! Tun kwas ɗin da aka tura ka Ingila ka ɗauko wannan ɗabi'a. Amma duk Asabar ɗin da kuka dawo daga rafin Gadaka kai da amininka Terkula, masu dariyar ne ke fara shan romo, domin ba ka iya cin kifi kai kaɗai.

Da zan tafi karatu Alkahira ka ce in sayo maka sandar fatsa in zan dawo hutu, ka yi mini bayani dalla-dalla: in zaɓi mara nauyi, mai rabuwa gida huɗu, kuma in riƙe ta a hannu cikin jirgi. Ban ji ba. Kunyar a gan ni da sanda kamar makiyayi ta sa na naɗe ta cikin dardumar tsaraba, na tura ta cikin kaya. Ta iso a karye. Ba ka yi mini faɗa ba, sai ka ɗaure ta da zare, ka ce, “Bilyamin, ai ta fi babu.” Shekara biyu kana fama da ita, ni kuwa kullum abin na cina.

A wannan karon na sayi sabuwa, na yi yadda ka ce, Kawu. Har ma'aikaciyar jirgi na roƙa ta bar mini ita a kusa. Ta iso lafiya lau, kai ne ban tarar ba.

Ranar sadakar uku na miƙa wa Terkula ita. Ya daɗe yana shafa ta, sannan ya mayar mini, ya ce in ba zan damu ba, mai ɗaurin zaren yake so.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Inna Falmata da 'ya'yansa Sharifa da Siddiq, Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa.